Yadda Ake Kafa Farin Keke a Inda Mota Ta Kashe Mutum

Gyaran keke na koya tun ina yaro a Katsina, kuma har yau da shi nake ci a nan Bronx, wani yanki na birnin Niyok (New York) a Amurka, a wani ɗan shago da ke ƙarƙashin bene. Yawancin masu zuwa wurina 'yan kai abinci ne, daga Nijar, Gana, Gini, Senegal, sai mutanen Meksiko. Kekunan da suka bi ta hannuna ba su ƙirguwa, amma guda ɗaya ne na yi wa aiki don kada kowa ya ƙara hawansa. Shi ne wanda muka shafe da farin fenti muka ɗaure a bakin wata mararraba, bayan direban wata babbar mota ya karya kwana bai duba madubi ba, ya bi ta kan wani yaronmu ɗan ƙasar Maraɗi. Allah ya jiƙansa. Tun daga lokacin an sha kirana ana tambayar yadda ake yi, kuma mai tambayar yakan kira ne cikin tsakiyar tashin hankali, lokacin da ba ya iya riƙe dogon bayani. Shi ya sa na ga gara in rubuta.

Mutanen nan suna ce masa keken fatalwa. Ni sunan bai kwanta mini ba, kuma ba zan iya furta shi a gaban uwar mamaci ba, don haka farin keke nake cewa. Asalinsa daga birnin St. Louis na jihar Missouri ne. A watan Oktoban 2003 wani mutum mai suna Patrick Van Der Tuin ya ga mota ta buge mai keke a titin Holly Hills, sai ya samo tsohon keke ya shafe shi da fari, ya rataya masa allo mai cewa a nan aka buge mai keke. Da ya lura direbobi suna sassautawa in sun iso wurin, ya tara abokansa suka ƙara kafa wasu 15. Abin ya shigo Niyok a 2005, lokacin da wata ƙungiyar masu zane, Visual Resistance, ta kafa na farko a Brooklyn saboda wata matashiyar lauya da mota ta kashe a watan Yuni. Yanzu 'yan sa-kai na Street Memorial Project ne ke ɗawainiyar yawancinsu a birnin. Idan ba ka da mai gyaran keke a kusa, ka neme su, sun san aikin fiye da ni.

Kafin ka taɓa gwangwanin fenti, akwai abin da ba ya jira. Kantunan da ke kewaye da wurin suna da kyamara, kuma na'urorin da yawa suna goge tsohon hoto su ɗora sabo cikin 'yan kwanaki. A ranar da abin ya faru ko washegari, a samu mutum biyu masu natsuwa su bi kanti-kanti su roƙi a adana hoton, su rubuta lambar wayar duk wanda ya gani da idonsa. Mu sai da aka yi sadakar uku muka tuna, kuma kafin nan kanti biyu sun riga sun goge. Har yau abin yana cina. Sannan keken da aka buge mamacin a kai ba shi ake fentawa ba. Wannan shaida ce, ko dai yana hannun 'yan sanda, ko lauyan iyali zai buƙace shi yadda yake, da lanƙwasarsa da komai.

Daga nan sai iyali. Kada a kafa komai da sunan mutum sai da yardar danginsa, ko da suna can gida kuma wayar tana yankewa. Mu kawunsa muka fara samu, wanda ke zaune a Harlem, shi ya haɗa mu da mahaifiyar. Bayan mun yi gaisuwa, na ce, “Inna, ya ƙarin haƙuri? Akwai abin da ake yi a ƙasar nan, muna neman izininki.” Na yi mata bayani sau biyu. Ta yi shiru har na zaci layin ya katse, sannan ta ce, “Ɗan nan, in zai sa wani mai mota ya taka birki, ku yi. Amma kada ku sa hotonsa a titi.” Ba mu sa ba. Wasu iyalan za su ce a sa suna, wasu su ce a bar shi “wani mai keke” kawai, wasu kuma su ce sam ba sa so. Duk wanda aka ce, shi ke nan. Akwai kuma dalilin da mu baƙi muka sani: wani yana zaune ne ba cikakkun takardu, danginsa da ke nan suna tsoron duk abin da zai jawo ido gidansu. Kada zafin zuciyarka ya jefa su cikin abin da ba su shirya masa ba.

Maganar da ta fi ɗaukar mu lokaci ita ce ta addini, kuma na san za ta taso a duk inda Hausawa suka zauna kan wannan batu. A ƙofar masallaci aka yi ta, bayan la'asar. Wani dattijo ya ce wannan al'adar Nasara ce, mu namu addu'a ne da sadaka, kuma mutumin da ba a yarda a gina kabarinsa ba ina dalilin kafa masa alama a titi? Ban raina maganarsa ba, domin ni ma na kwana da ita. Na je wurin limaminmu na ce, “Allah gafarta Malam, ga abin da muke son yi, ga kuma abin da ake cewa.” Ya tambaye ni ko akwai wanda za a binne a wurin, na ce a'a. Ko za a riƙa zuwa ana neman tabarraki, na ce a'a. Sai ya ce to a gida in mota ta lalace ko ta faɗi a kan hanya, me ake yi? Na ce ana karyo ganye a jera a kwalta tun daga nesa, don mai zuwa ya rage gudu. Ya ce in dai niyyarku ke nan, ganye ne kuka jera, kuma kawar da abin cutarwa daga hanya sadaka ne. Sharaɗinsa shi ne kada a mayar da wurin wajen ibada. Dattijon nan bai gamsu ba, bai zo ranar kafawa ba, kuma har gobe muna gaisawa lafiya lau. Ku yi wannan zaman tun da wuri, ku ji daga malaminku, kada sai an ɗaure keke a fara jayayya a gaban baƙi.

Yanzu keken kansa. Tsoho ake nema, wanda ya gama yayinsa, amma mai cikakkiyar siffa, yadda direba zai gane keke ne daga nesa cikin ƙiftawar ido. Ko da mamacin na lantarki yake hawa, kamar yawancin 'yan kai abinci, a yi amfani da keke na feda. Batirin waɗannan kekuna yana kamawa da wuta, ba abin da za a bari a titi rana da ruwa ba ne, kuma ɓarayi ba za su bar shi ya kwana ba. Idan yaro ne ya rasu, a nemi ƙaramin keke. Na taɓa wucewa ta gaban irinsa a Brooklyn, sai da na sauka daga nawa na tura shi da hannu har na wuce layin.

Ka cire duk abin da zai yi wa wani amfani: kaca, birki da wayoyinsa, giya, ƙararrawa, fitila. Abin da zai rage shi ne gangar jikin, ƙafafu biyu, sirdi, kan keke da feda. Ka zare tub, ka tsaga tayoyin ta ciki da wuƙa yadda ba za su sake riƙe iska ba. In kana da mai walda, ya ɗiga wa notin ƙafafun da sandar sirdi wuta, ya kashe kan keken yadda ba zai juya ba. In babu, ka ɗaure notin tamau ka dame bakinsu da guduma. Wannan ne sashen da ya fi yi mini nauyi, domin hannuna ya saba da tayar da mataccen keke, ga shi ina kashe mai sauran numfashi.

Fenti ba ya kama maiƙo. Ka wanke giris da baƙin mai da kalanzir ko sabulun wanke-wanke mai ƙarfi, musamman wajen feda da cibiyar ƙafafu, ka bar shi ya bushe sarai, sannan ka bi shi da samfefa har ƙyallin tsohon fentin ya dushe. A fara da fentin share fage mai hana tsatsa, sannan fari marar ƙyalli. Ni gwangwani biyu na farko da uku na fari suka ishe ni. Feshi kaɗan-kaɗan, a bari ya sha iska, a sake, har sau uku ko huɗu. Mai gaggawa yakan zuba da yawa lokaci guda, fentin ya yi ta zuba kamar hawaye, bayan wata biyu ya ɓare. Komai ake shafewa, har taya da sirdi da wayoyin ƙafa da sarƙar da za a ɗaure shi da ita. A waje ake wannan aiki, a kan kwali, ranar da babu ruwa kuma sanyi bai tsananta ba. Ni na fara a cikin shago, kafin rabin sa'a kaina ya ɗau ciwo, maƙwabta na sama suka sauko da faɗa, kuma da gaskiyarsu. Wani abu kuma: a Niyok ba a sayar wa wanda bai kai shekara 21 ba fentin feshi, a kulle ma yake a kantuna, don haka kada ka aiki yaro.

Sarƙa a samo mai kauri, da kwaɗo mai kyau. Ta ratsa gangar jikin da ƙafar baya, wata guntuwa kuma ta kama ƙafar gaba. Wasu suna ɗura gam a bakin kwaɗon su jefar da mabuɗin. Ban ba da wannan shawara ba, saboda ranar da za a yi aikin titi ko za a sake fenti sai an nemo abin yanka ƙarfe. A ba mutum guda amintacce mabuɗin, a rufe bakin kwaɗon da salatif saboda ruwa.

Wurin ɗaurewa yana son a je a tsaya a duba, a lokacin da motoci suka fi yawa. Ana son turken allon hanya mafi kusa da inda abin ya faru, a kan dandamalin masu tafiya a ƙasa, keken ya bi tsawon titi, a gefen da direba mai zuwa zai gan shi. Kada ya tare gangaren da masu keken guragu da masu tura jarirai ke sauka, kada ya matsi famfon 'yan kwana-kwana ko tashar bas. Ba a ɗaure keke a jikin bishiyar titi, doka ta hana. Shingen gidan wani kuma sai da izininsa. Sannan ka shiga kantin da ke fuskantar wurin ka gabatar da kanka. Namu wani ɗan Yaman ne, da ya ji labari ya ce ai yaron yakan sayi shayi a wurinsa. Shi ne yanzu mai gadin keken ba da ko sisi ba, in wani ya fara taɓa shi sai ya leƙo ya daka tsawa.

Game da hukuma, a cikin birnin Niyok da sauƙi. A 2010 hukumar tsaftar birni ta fito da ƙa'idar kwashe kekunan da aka yasar a titi, da farko har da fararen, amma iyalai suka yi ca, aka fitar da su daga ciki. Wannan bai hana a matsar da keke in aikin hanya ya biyo ta kansa ba. Da ka fita daga birnin kuwa, kowace jiha da kowane gari da nasu tsarin. A jihar New Mexico doka ce ta hana lalata alamun tunawa na bakin hanya, a wasu wuraren kuma ma'aikatan hanya kwashewa suke yi, musamman a manyan tituna. Ka tambayi ofishin garinku kafin ka sha wahalar fenti.

Allon shi ne bakin keken, in babu shi mai wucewa zai ɗauka ado ne. A yi shi da falle na ƙarfe ko roba mai kauri, a ɗaure da noti a jikin turken sama da keken, domin kwali ko katako ba sa kai bazara. Rubutu kaɗan, manya-manya, da Turanci tunda direbobin garin ake yi wa magana: an kashe mai keke a nan, sai suna in iyali sun yarda, shekarunsa, da ranar. Mu mun ƙara “Allah ya jiƙansa” da Hausa a ƙasa. Ayar Alƙur'ani kuwa ba mu sa ba, domin wuri ne da karnuka ke bi, ga ƙazantar titi. Kada a rubuta sunan direba ko na kamfaninsa, kada a yi zagi. Magana tana gaban hukuma, kuma allo mai zafin baki zai iya zama abin da lauyan wancan ɓangaren zai riƙe.

A kan kalma ɗaya muka yi gardama, kuma ita nake so ku lura da ita. Wani ya kawo shawarar a rubuta cewa tsautsayi ne ya faɗa masa. Haka muka saba, mu ce ƙarar kwana, mu ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa, mu shafa fatiha mu tashi. Na yi imani da ƙaddara kamar kowa, kwanan yaron nan ya ƙare a ranar, babu makawa. Amma addinin da ya koya mana ƙaddara shi ne kuma ya ɗora wa mai kisan kuskure diyya da kaffara, a aya ta 92 ta Suratun Nisa'i, har da azumin wata biyu a jere ga wanda bai samu abin 'yantawa ba. Ke nan ko kuskure yana da mai shi, balle ganganci. Mutumin da ke latsa waya yana tuƙi, ko ya tsallake danja, ko ya karya kwana bai duba ba, ya yi wani abu da hannunsa. Su kansu 'yan sandan Niyok a 2013 sun sauya sunan sashen da ke binciken irin wannan, suka cire kalmar da ke nufin tsautsayi suka sa mai nufin karo. Don haka a allonmu “an kashe” muka rubuta. Da muka karanta wa kawun, ya daɗe yana kallon ƙasa, sannan ya ce haka ne, a bar shi.

In mai tafiya a ƙasa ne aka buge, ba a sa keke. Allon kaɗai ake ɗaurawa a turke, wasu su haɗa da takalmi ƙafa biyu da aka shafe da fari, a huda shi a ɗaure da waya. Sauran sharuɗɗan duk ɗaya ne. Wasu ƙasashen a kwalta suke zanawa: a Bogota ta Kolambiya an yi zanen baƙaƙen taurari a inda mota ta kashe masu tafiya, a Ajantina kuma taurarin ruwan ɗorawa ne. A nan kada ka zana komai a kwalta ba da izini ba, tara za ka sha. Mutum na farko da aka rubuta mota ta kashe a Amurka ma a ƙasa yake, Henry Bliss, yana saukowa daga taragon titi a mahaɗar titi na 74 da Central Park West a nan Niyok a 1899, tasi mai lantarki ta buge shi. Sai a 1999 aka kafa masa allo a wurin.

Ranar kafawa ba ta son dogon shiri. Mu mun zaɓi Lahadi da hantsi, kafin odar abincin rana ta kankama, domin ɗan kai abinci in ya rasa sa'a biyu ya rasa kuɗin cefane. Aka turo keken da hannu daga shago, mutane na biye da nasu. A sa mutum biyu masu riga mai ƙyalli su tsaya ta bakin titi, kada garin jimamin wani a sake buge wani. Abokan aikinsa 'yan Meksiko sun zo da furanni da kyandir, irin tasu al'adar. Muka karɓi furannin muka ɗaura a kan keken, muka roƙe su da lalama a bar kyandir ɗin, ba su ji haushi ba ko kaɗan. Aka yi addu'a a tsaye, kawun ya yi godiya, aka watse.

Keke shi kaɗai ba ya gyara mararraba. Ka ɗauki hotonsa ka kai zaman majalisar unguwa, Bronx tana da irinsu 12, kuma kowa yana iya neman a ba shi minti biyu ko uku ya yi magana. Ka faɗi abu guda da kake nema, takamaimai: a ba masu tafiya 'yan daƙiƙoƙi su fara tsallakawa kafin a saki motoci, ko a hana ajiye mota dab da kwana, ko a raba hanyar keke da shingen kankare. Ka kira 311, layin karɓar koke na birnin, ka shigar da koke ka adana lambar, ka rubuta wa ɗan majalisar birni na yankinku. Iyalan waɗanda mota ta kashe ko ta raunata da suka kafa ƙungiyar Families for Safe Streets a 2014 da irin wannan naci suka sa aka rage gudun mota a birnin daga mil 30 zuwa 25 a sa'a a ƙarshen shekarar, kuma a 2024 aka yi Dokar Sammy, mai sunan wani yaro ɗan shekara 12 da aka buge a Brooklyn a 2013, wadda ta ba birnin ikon saukarwa zuwa 20. 'Yan ƙungiyar suna karɓar duk wanda ya rasa nasa, kuma ba sa tambayar daga ina ka zo. Akwai ranaku biyu da za ka sa a kalanda: Laraba ta uku a watan Mayu, da masu keke ke yin jerin gwanon shiru wanda aka faro a Dallas a 2003, da Lahadi ta uku a Nuwamba, ranar tunawa da waɗanda hanya ta ci, wadda Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da ita a 2005.

Abin da ya fi kashe farin keke shi ne mantuwa. Gishirin da ake watsa wa titi lokacin dusar ƙanƙara yana cin ƙarfe, kafin Maris tsatsa ta ɓullo ta ƙasan fenti, furannin roba su koɗe, masu wucewa su fara cusa kofin kofi a tsakanin wayoyin ƙafa. Keken da ya koma haka ya zama bola, kuma maƙwabta za su fara neman a ɗauke shi. Tun ranar farko a rubuta sunayen mutum uku ko huɗu da za su riƙa dubawa, kowa da watansa. Sau biyu a shekara, bayan sanyi da kuma kafin ya dawo, a kwance shi a kai gefe a goge a sake feshi, kada a fesa a wurin a ɓata dandamalin mutane. In masu dubawa sun watse, ko iyali sun ce ya isa, a je a kwance shi da mutunci a aika musu da allon.

Tsohon keke kuwa ba ya wuyar samu. Ka tambayi mai gyaran unguwarku, da wuya ya karɓi kuɗinka in ya ji dalili. Ni ma akwai guda biyu jingine a bayan shagona, kuma kullum na wuce su ina roƙon Allah tsatsa ta cinye su a nan inda suke.